Injiniya a Gaban Bahon Kabeji

Ku gyara zama, yau bakina cike yake, kuma duk ta inda na juya labarin nan sai in ga dole ta kan kabeji zan fara.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Pyo Saerom, shekarata ashirin da bakwai. Likitar gashin ƙashi ce ni a wani asibitin tsofaffi a nan Mokpo, garinmu na bakin teku. Wanda ya karye, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ni nake zama da shi har jikinsa ya tuna abin da ya manta. Amma in ƙawayen Umma suka tambaye ta aikina, sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Tana dai murza wa mutane ƙafa."

Asabar ɗin da ta wuce ita ce ranar kimchin shekara a gidanmu, wato kabejin da muke kwaɓawa da yaji mu adana don hunturu. Tun Juma'a aka barbaɗe kabeji da gishiri, ya kwana a manyan robobi, gari na wayewa tsakar gida ba wurin sa ƙafa. Umma ta sha wandonta mai furanni, ta ɗaure kai da tawul, ga safar roba ruwan hoda har gwiwar hannu. Ni kuma aka tula mini tafarnuwa a gaba, ina ɓarewa ina hamma.

"Ɗan ƙawata ya ga hotonki," in ji Umma, ko ɗago kai daga bahon yaji ba ta yi ba.

"Wane hoton?"

"Wanda kika sa shuɗiyar riga a bikin 'yar baffanki."

"Umma, bakina fa a buɗe yake a hoton nan, lemo nake sha."

"Ai likitan haƙori ne, ya ga abin da yake son gani. Ya ce haƙoranki lafiyarsu lau."

Na ajiye wuƙar na dube ta. Ita kuwa ta ci gaba da juya yajinta tana lissafo mini mutumin: asibitinsa na kansa a Gwangju, gida mai kallon kogi, ba ya shan taba, uwarsa ba ta da fitina. Ta ce Lahadi ta sama za mu sha shayi da shi.

"In abin ya yiwu, sai ki huta da cicciɓar tsofaffi. Dubi yatsunki, kamar na mai wanki da guga."

Kada ku ɗauka Umma muguwa ce. Ita take dafa mini ruwan zafi in na dawo bayana ya ƙage. Abin da dai ta kasa ganewa shi ne, ni ina son aikin nan kamar raina.

Ana haka wayata ta yi ƙara a aljihun rigar sanyi. Na goge hannu na duba. Sunan da na sa masa ya fito: *Injiniya Mai Taurin Kai.*

"Malama Pyo, ina bakin layinku. Gida mai koriyar ƙofa ko mai shuɗiya? Wani kare yana harara ta, da alama ya ji ra'ayina a kwamiti."

Gabana ya faɗi, amma irin faɗuwar nan mai daɗi. Bari in gaya muku ko waye shi.

Makarantar da na gama ta lura cewa duniya ta juya. Tsofaffi sun yi yawa, matasa sun kwashe zuwa manyan birane, na'urori sun cika asibiti. Sai Farfesa Seok, wadda ta koyar da ni, ta tara kwamiti a kan tambaya guda: ɗalibin gashi da zai fito a shekaru masu zuwa, me ya kamata a ce ya iya kafin a miƙa masa takardar shaida? Akwai manyan likitoci a ciki, akwai malamai, ni ce ƙaramarsu, an sa ni ne don a ji ta bakin waɗanda ba su daɗe da fara aiki ba.

Yawancin abubuwan ba mu sha wahala a kansu ba. Kowa ya yarda ɗalibi ya san jiki ciki da waje, ya iya aiki da likita da nas ba tare da girman kai ko tsoro ba. Wani malami ya dage cewa lallai ya iya karanta bincike, ya bambance gaskiya da tallan kamfani, muka ce haka ne. Rigima ta tashi ne a kan gurbin darasi guda da ya rage a shekarar ƙarshe. Ni na ce a tura ɗalibai gidajen marasa lafiya, har tsibirai, su ga yadda mutane suke rayuwa. Shi kuma Ham Muyeol, injiniyan da aka gayyato daga wani ƙaramin kamfani mai ƙera na'urorin taimaka wa tafiya, ya ce a koya musu na'ura da duba mara lafiya ta waya.

"Hannun mutum yana gajiya," in ji shi a zaman farko, yana gyara tabarau. "Na'ura ba ta gajiya."

"Na'urar taka tana tambayar tsohuwa ya jikoki?" na ce.

"In kina so, sai in koya mata."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na koma gida ina hura hanci, na ce wa kaina wannan mutum bai taɓa riƙe hannun mara lafiya ba.

Ashe ban san komai ba. Bayan zama na biyu ana yayyafi, muka rakuɓe a rumfar mai miyar kifi a bakin tashar jiragen ruwa, ya ba ni labarin mahaifinsa. Can wani ƙauye a cikin duwatsu suke. Ɓarin jikin tsohon ya shanye lokacin Muyeol yana sakandare, kuma asibitin da ake gashi yana da nisa, ga hanya ta rufe da ƙanƙara rabin hunturu. Suka yi ta zuwa, suka gaji, suka daina. Tsohon bai ƙara takawa ba har ya rasu.

"Da akwai abin da za a ɗaura masa, wani irinki ya riƙa duba shi daga nesa," ya ce, yana kallon kofin miyarsa. "Shi ke nan duk taurin kaina, Malama Pyo."

Daga ranar muka fara saƙo. Da safe ya turo hoton ƙwan da ya ƙona, da rana in turo masa hoton ƙafar roba da muke koyarwa da ita in ce ga amaryarsa. Ban kira abin da suna ba. Na dai san in wayata ta yi ƙara, zuciyata tana riga hannuna isa wurinta. Duk da haka a kwamiti ba mu raga wa juna ba, kuma Litinin za a kaɗa ƙuri'a: ko nasa, ko nawa.

Dalilin zuwansa gidanmu kuwa Kaka ce, mahaifiyar Abba. Ta zame a banɗaki farkon bazara, ƙugunta ya karye, aka yi mata aiki aka sa ƙarfe. Asibiti suka sallame ta suka ce tana tafiya lafiya lau. Tun da ta dawo, a kan kujera take wuni kamar baƙuwa a gidan ɗanta, tana yi wa kowa faɗa. A makon da ya wuce Muyeol ya ba ni wani ɗan abu kamar maɓallin riga na maƙala mata a ƙugu, ya ce yana auna motsi, kuma ya yi alkawarin kawo ɗamarar da suka ƙera a gwada mata. Ni dai ce wa Umma na yi abokin aiki ne.

Na leƙa madubin zaure, na cire ɓawon tafarnuwa daga gashina, na buɗe ƙofa.

Farar riga ya sa, an goge ta har tana ɗaukar ido, da kwat mai ruwan toka a kai. Hannu ɗaya akwatin na'ura, ɗayan kwandon 'ya'yan itace da aka ɗaure da jan ƙyalle. Ya rusuna ya gaida Umma har tabaransa ya kusa faɗawa bahon gishiri. Umma ta amsa a hankali, ta ƙare masa kallo tun daga takalmi har suma, irin kallon da take yi wa kifi a kasuwa.

Kaka ce ta ɗaga murya daga kan kujerarta.

"Wannan ne mai ƙarafunan? Na zaci tsoho ne mai sanƙo. Matso nan, ɗan nan. Kana da mata?"

"A'a, Kaka."

"To ka samu, ga ni. Ƙuguna ɗaya na ƙarfe ne, kuma an ce dama ƙarfe kake so."

Kunnuwansa suka yi ja. "Ai ni na yi dace, Kaka. Sai dai ina tsoron ba zan iya ciyar da ke ba."

"Ba ni da ci. Wannan ce mai ci," ta nuna ni da baki.

Na ce a raina, tsohuwar nan sai ta kashe ni da kunya kafin azahar.

Ya durƙusa ya ɗaura mata ɗamarar. Abu ne marar nauyi, ya zagaye ƙugu, da sanduna biyu da suka sauko cinya. Ya danna wani abu a wayarsa, ya ce ta miƙe. Ta miƙe. Ta ɗaga ƙafa ta ajiye, ta sake, sai ga Kaka tana ratsa tsakar gida tsakanin robobin kabeji, ba sanda, ba ɗingishi, kanta a sama kamar mai zuwa karɓar kyauta. Umma ta saki ludayi ta riƙe baki. Muyeol ya waigo ya ɗaga mini gira ɗaya. Na kau da kai, don gaskiya abin ya burge ni, kuma ba na so ya gani.

Kaka ta tsaya a gaban babban bahon yaji, ta naɗe hannun riga.

"To, a zaunar da ni. Yau da hannuna zan kwaɓa."

Ta fara sunkuyawa, sai ɗamarar ta ƙage ta hau tsuwa kamar ɗan tsako. Ta sake gwadawa, ta sake tsuwa.

"Kaka, yi haƙuri," in ji Muyeol, "ba a yi ta don zaman ƙasa ba."

"To don me aka yi ta?"

"Don tafiya."

"In tafi ina? Ni duk inda za ni a ƙasa yake. Kwanana a ƙasa, cin abincina a ƙasa, kabejina a ƙasa. Ko so kake in yi ta zagaya gida kamar maigadi?"

Na ga ya dubi ƙaramin teburinmu na cin abinci, ya dubi shimfiɗun da aka naɗe a kusurwar ɗaki, ya dubi dokin ƙofa mai tsayi da ake tsallakewa. Kamar ranar ya fara ganin gidan mutane.

Na kwance mata ɗamarar. Dama likitan da ya yi mata aiki ya daɗe da ba da izinin a fara koya mata zaman ƙasa, ita ce take ƙi, wai tana tsoron in ta sauka ba za ta tashi ba. Amma ranar ga yaji a gabanta, ga surukarta tana shirin kwaɓa shi ba da ita ba. Na jawo teburin kusa, na ajiye matashi mai kauri, na ce ta dafa da hannu biyu, ta fara sa gwiwar lafiyayyar ƙafa, ta bar ɗayar a miƙe. Hannuna yana bayanta. Jikinta yana rawa, tana zagina ƙasa-ƙasa. A hankali, a hankali, sai ga ta zaune daram a kan matashi.

Umma ta juya baya tana share ido da kafaɗa, don hannunta duk yaji. Kaka ta sa yatsa a baho ta lasa, ta ɗaure fuska kamar alƙali.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce.

Muka kwashe da dariya, har Umma da aka yi wa gorin.

Ni fa a lokacin ji nake kamar an naɗa ni sarauta. Na matsa kusa da Muyeol na ce a hankali, "Injiniya, ko za ka koya wa na'urar zaman ƙasa kafin Litinin?"

Ya miƙo mini wayarsa. Wani zane ne, layi yana tafiya yana hawa yana sauka.

"Motsin Kaka ne na wannan makon, daga maɓallin nan," ya ce. "Kin ce tana yin atisayen da kika ba ta kullum da rana?"

"Ba ta fashi. Ita ta gaya mini."

"Duba nan."

Na duba. Daga lokacin da nake fita aiki har zuwa dawowata, layin a kwance yake shamɓal kamar tabarma. Sai daidai lokacin da nake buɗe ƙofa da yamma yake zabura sama. Na tuna yadda kullum nake tarar da ita tsaye a jikin bango tana ɗaga ƙafa tana nishi, in yi ta yaba mata. Wata da watanni ina mamakin abin da ya hana cinyarta yin ƙarfi.

"Kaka," na ce, "me kike yi da rana in na tafi aiki?"

Ta dubi wayar, ta dubi maɓallin da ke ƙugunta, ta gane.

"Wannan abin munafuki ne," ta ce. "A cire mini shi."

"Kaka."

"To wasan kwaikwayo nake kallo. Yarinyar tana gab da gane ubanta, sai in tashi ina ɗaga ƙafa?"

Muyeol ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ni da nake taƙama da hannu da ido, tsohuwa ta yi ta yi mini wasa da hankali a cikin gidanmu, sai ɗan maɓalli ne ya tona ta. Sarautar tawa ko awa ba ta yi ba.

Yana shirin haɗa akwatinsa Umma ta jefo masa safar roba.

"Ba a zuwa gidan da ake kimchi a tafi hannu fari. Zauna, ɗan nan."

Ya cire kwat ya zauna a ƙasa kusa da Kaka, tana nuna masa yadda ake buɗe ganye ɗaya-ɗaya a shafa yaji har gindi. Kafin a ci rabin baho farar rigar nan ta zama abin tausayi. Kaka tana ce masa hannunsa kamar na mai fenti, shi yana ce mata ai a gaban gwana yake. Da aka sauke dafaffen nama, Umma ta yago ganyen kabeji ta naɗe nama a ciki ta kai masa baki da hannunta. Ya karɓa, yaji ya kama shi, hawaye na zuba yana cewa ya yi daɗi. Na lura ta ƙara masa wani.

Ana cikin haka Abba ya dawo. Abba yana da ƙaramin jirgin ruwa da yake kai kaya da mutane tsibirai, kuma mutum ne da zai iya wuni bai ce uffan ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi mahaifiyarsa zaune a ƙasa tana kwaɓa yaji, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dubi baƙon da ya miƙe yana rusunawa da jan hannu. Ya gyaɗa kai sau ɗaya ya shige.

Na raka Muyeol bakin layi, yana rungume da robar kimchin da Umma ta cika masa.

"Kin kayar da ni yau, Malama Pyo."

"Kai ma ka kayar da ni."

"To Litinin wa zai faɗi?"

"Dole sai wani ya faɗi?"

Ya tsaya cak, ya dube ni ta saman tabarau. Washegari Lahadi a shagon shayi muka wuni, muka yayyaga tsarin darasina da nasa muka ɗinke su wuri ɗaya. Mun yi faɗa sau ba adadi a kan kalmomi, har mai shagon ta kawo mana biskit kyauta ta ce mu shirya, rayuwar aure sai haƙuri. Ba wanda ya gyara mata a cikinmu.

Litinin na sa siket baƙi da rigar ulu ruwan madara, na ɗaure gashina baya, na sa 'yan kunnen lu'ulu'u na Umma ba tare da na tambaye ta ba. Da Farfesa Seok ta ce a fara, muka miƙe tare. Na ga ta ɗan karkata kai.

Muka ce darasi ɗaya muke so: ɗalibai su je gidajen marasa lafiya a unguwanni da tsibirai, su tafi da na'ura, in sun dawo su ci gaba da bin sawun mutanen ta waya. Na ba da labarin ɗamara da bahon yaji. Shi ya ba da labarin maɓalli da wasan kwaikwayo, bai rage mini komai ba, aka yi ta dariya a kaina.

Dakta Chu bai yi dariya ba. Shi ne shugaban sashen gashi a wani babban asibiti, mutum mai furfura da murya kamar ganga.

"Labari ya yi daɗi," ya ce. "Amma in tsohuwa ta faɗi a hannun ɗalibi a tsibiri, jirgi kuma sai gobe, wa za a kama? A asibiti ina ganin ɗalibina. A gidan mutane wa yake ganinsa?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ba mu da cikakkiyar amsa. Muyeol ya ce malami zai iya kallo ta waya. Dakta Chu ya ce waya ba ta tare mai faɗuwa. Na ce in ba mu kai su suna ɗalibai ba, ai za su je bayan sun gama, su kaɗai, ba wanda ya taɓa nuna musu. Aka yi ta ja. Na fara jin abin zai subuce mana.

Farfesa Seok ta ɗaga hannu.

"Saerom, bar batun darasi. Faɗa mini a taƙaice, me kike so yaron nan ya iya ranar da zai bar hannunmu?"

"Ya iya shiga gidan mutum, Farfesa, ya ga inda yake kwana da inda yake cin abinci, ya tambaye shi me yake so ya koma yi. In kuma ya fito, ya san yadda zai gane ko ana yin abin da ya ce, don mara lafiya yana iya yi masa daɗin baki."

Dakta Chu ya cire tabaransa ya murza ido.

"Na saya wa mahaifiyata gadon asibiti mai tashi da kansa," ya ce. "Shanya barkono take yi a kai." Ya mayar da tabaran. "Zan yarda, amma da sharaɗi. Ba ɗalibin da zai taka gidan kowa sai da ƙwararre a gefensa. Kuma kafin su tafi, ni zan koya musu yadda ake tare mai faɗuwa."

Aka ɗaga hannu. Mutum ɗaya ne bai ɗaga ba, shi ma daga baya ya ce hankalinsa yana kan waya. Farfesa Seok ta rubuta maganata kusan yadda na faɗe ta, a cikin abubuwan da kowane ɗalibi zai iya kafin ya fita. Ni Saerom, mai murza wa mutane ƙafa. Na shiga banɗaki na yi tsalle ni kaɗai, sannan na fito da fuskar manya.

Da yamma muka bi ta bakin ruwa, Muyeol ya saya mana gasasshen dankali a takarda, muna ci muna hura yatsu. Rana tana faɗawa bayan tsibirai, jirage suna shigowa.

"Saerom," ya ce.

Ba Malama, ba Pyo.

"Ina so in dawo gidanku. Amma ba da akwatin na'ura ba."

"Ai Kaka ta riga ta ce ta ba ka kanta."

"Zan ba ta haƙuri. Jikarta nake so."

Na dubi ruwa, na dubi takalmina, na dubi ko'ina ban da shi. Da ƙyar na ce, "Ƙofar koriya ce, kada ka sake ɓata." Ya yi dariya, ya karɓi takardar dankalin daga hannuna, bai saki hannun ba har muka kai tashar bas.

Na shiga gida na tarar da Umma tana yanka albasa, Abba yana bayan jarida, Kaka kuwa tsaye a jikin bango tana ɗaga ƙafa tana hararar maɓallinta. Na ja numfashi na durƙusa kusa da Umma.

"Umma, batun shayin ranar Lahadi."

"Na buga wa ƙawata tun jiya."

"Kin ce me?"

"Na ce a dakata." Ta ci gaba da yanka. "Kina ganin ba ni da ido? Mutum ya ɓata sabuwar riga, ko sau ɗaya bai dube ta ba, ke yake kallo. Amma kada ki yi rawar kai. Cewa na yi a dakata, ban ce na yarda ba. Kamfanin nasu ma nawa yake? Kuma ki mayar mini da 'yan kunnena."

Na rungume ta ta baya, tana ce mini in sake ta akwai wuƙa a hannunta.

Sai jaridar ta sauko. Abba ya dube ni.

"Asabar zan kai kaya tsibiri," ya ce. "Ki ce masa ya zo. Ni da shi."

Umma ta daina yanka. Kaka ta sauke ƙafa. A gidanmu kowa ya san Abba ba ya hira a kan tudu, duk maganar da ta isa magana a tsakiyar ruwa yake yin ta.

Na ruga ɗaki na rubuta masa. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace. Ta dawo, ta sake ɓacewa. Can sai ga saƙo.

"Saerom, ni fa ɗan duwatsu ne. Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba. Ko lilo na hau sai cikina ya juya."

Na zauna a bakin shimfiɗa na riƙe kai. Mutumin da ya tsaya ɗazu a gaban manyan likitoci yana cewa a tura ɗalibai tsibirai. Kafin in san abin da zan ce, wani saƙon ya shigo.

"Wace riga zan sa?"

Na leƙa falo. An sa labarin yanayi a talabijin, matar tana nuna teku da sanda tana cewa ƙarshen mako za a yi iska, masu ƙananan jirage su kula. Abba ya ninke jaridarsa a hankali ya ajiye a kan gwiwa, kuma na rantse muku, murmushi yake yi.